Ranar da Ba Mu Tayar da Mota Ba

Mun iso kwarin Palo Duro ranar Litinin da la'asar sakaliya, bayan kwana huɗu a jere muna kan kwalta, kuma daga ni har uwargida babu wanda ya rage da haƙurin da zai iya yi wa ɗan'uwansa magana mai daɗi. Mun taso ne daga Elkhart ta jihar Indiyana, garin da a kewayensa ake ƙera mafi yawan motocin-gida na Amurka, inda muka kai tamu gyaran rufi, muka biyo ta St. Louis da Joplin da birnin Oklahoma, har muka ɓullo Amarillo a arewacin Teksas. Tafiyar ta haura mil 1,100, kuma kashin ƙarshenta shi ya fi cin rai, domin daga yammacin Oklahoma zuwa Amarillo fili ne fetal babu abin da yake tare iska, mota mai tsayi irin tamu kuwa iskar tana kama ta daga gefe kamar an kafa mata tabarma. Duk tirelar da ta wuce mu sai ta fara ture mu gefe sannan ta jawo mu, ni kuma ina riƙe da sitiyari da hannu biyu har kafaɗuna suka ƙage.

Ga wanda bai san irin wannan zama ba, motar da nake magana a kanta ita ce wadda Amurkawa ke kira RV, wato mota ce da aka gina mata ɗaki a baya, da gado da madafa da banɗaki da teburin cin abinci. Tamu matsakaiciya ce, tsawonta ƙafa 28, an ɗora ɗakin a kan ƙirar Ford, kuma muna jan wata ƙaramar mota a baya wadda muke shiga gari da ita idan mun sauka. Wannan ita ce shekararmu ta uku a cikinta. Bayan na ajiye aiki a Houston, yara kuma kowa ya kama gidansa a jihohi daban-daban, sai muka sayar da gidanmu, muka raba kaya, abin da ya rage muka auna shi da girman akwatunan da ke ƙarƙashin motar. Ba mu da wani gida a wani wuri da muke komawa idan tafiya ta ƙare, saboda haka duk inda muka tsaya nan ne gida, kuma wannan shi ne bambancinmu da masu fitowa hutun mako guda.

Masu wannan rayuwa suna da wata ƙa'ida da suke faɗa wa sababbin shiga, suna kiranta uku-uku-uku: kada ka wuce mil 300 a rana, ka isa masauki kafin ƙarfe 3 na yamma, kuma ka kwana 3 kafin ka sake tashi. Na san ƙa'idar sarai, har na sha faɗa wa wasu ita da bakina, amma a wannan karon na karya dukkan sassanta uku, saboda sanyi ya fara shigowa arewa kuma na ƙudura a raina sai mun kai kudu kafin ya same mu. Dare biyu mun yi su ne a filin ajiye motoci na manyan kantuna, inda ake barin matafiyi ya kwana idan ya nemi izini, amma fitilu ba sa mutuwa, injinan tireloli ba sa yin shiru, kuma ba ya halatta mutum ya fito da kujera ko ya buɗe rumfa kamar ya zo zama. A rana ta uku, a kan wata gada mai gargada, wata durowa da ba a danna makullinta sosai ba ta buɗe, kwalbar manja ta faɗo ta fashe. Wanda ya taɓa goge manja daga ƙasan ɗaki mai faɗin ƙafa takwas, a gefen babbar hanya, motoci suna wucewa suna girgiza ɗakin, ya san cewa ba a gama aikin ana dariya. Ba mu yi gardama a kan wanda ya bar durowar a buɗe ba, sai dai kowa ya riƙe amsarsa a ciki har tsawon mil ɗari biyu.

Palo Duro kwari ne mai zurfi da ya tsaga wannan shimfiɗaɗɗen fili, mutum ba ya ganin alamarsa sai ya zo bakinsa. Daga Amarillo ana gangarowa kudu zuwa wani ƙaramin gari mai suna Canyon, a karya gabas kamar mil 12, sai ƙasa ta buɗe a gabanka. Tsawonsa ya kai mil 120, zurfinsa kimanin ƙafa 800, kuma a duk Amurka babu wanda ya fi shi girma sai Grand Canyon. Hanyar da ake gangarawa da ita ma'aikatan da gwamnati ta ɗauka aiki a lokacin karayar tattalin arziki na shekarun 1930 ne suka sare ta a jikin dutse, aka buɗe wurin ga jama'a a 1934, kuma har yau hanyar siririya ce mai lanƙwasa da gangara sosai. Na sa giya ta ƙasa na bar inji yana riƙe nauyin, domin wanda ya kwanta a kan birki a irin wannan gangara zai ji warinsa kafin ya kai ƙasa. Da muka isa gurbin da muka kama, sai muka kwance ƙaramar motar, tunda ba a yin baya da ita a ɗaure, uwargida ta fita don ta nuna mini hanya. A nan ne abin da aka riƙe tun daga manja ya fito. Tana cewa dama, ban san damarta ko tawa ba. Ta tsaya inda madubi ba ya kama ta, na taka birki na leƙo na ɗaga murya, ita ma ta ɗaga tata, alhali ga maƙwabta zaune a kujerunsu suna yin kamar ba su ji ba.

Bayan isha'i, muna cin burodi da shayi saboda babu mai ƙarfin girki, sai ta ce, "Alhaji, gobe ko makullin motar nan kada ka taɓa, babba da ƙarama." Na ce, "To, Hajiya, na ji." Na rataye makullan biyu a ƙusar da ke bayan ƙofa, kuma iyakar shawarar da aka yi ke nan.

Turawa suna da sunayensu na irin wannan masauki, amma ni kalmar da take zo mini kullum ita ce zango. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro ba su auna tafiya da mil ba, da zango suke aunawa, kuma madugu nagari ya san inda ruwa yake, ya san kuma ranar da jakuna da mutane ba za su iya ƙara taku ba, sai a sauke kaya a gyara mangala a duba kofato. Har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Accra wannan sunan suke ɗauke da shi. Abin da kalmar ta riƙe shi ne cewa tsayawar tana cikin lissafin tafiyar tun farko, ba a ɗaukarta a matsayin ɓata lokaci. Ni kuwa na yi kwana huɗu ina tuƙi kamar mai gudun bashi, na manta cewa babu wanda yake jiran isowarmu a ko'ina.

Na farka da asuba ba tare da ƙararrawa ba. Abu na farko da na lura da shi shi ne ɗakin ba ya motsi, babu ƙarar taya, babu ƙarar cokula a cikin durowa, sai sanyi mai ɗan cizo da kukan wasu tsuntsaye daga wajen rafi. Na shimfiɗa darduma a waje a kan simintin da ke gefen tebur, domin a cikin motar wurin da ya rage tsakanin madafa da kujera da ƙyar yake ɗaukar sujadar mutum ɗaya. Alƙibla daga nan tana fuskantar arewa maso gabas, abin da yake ba baƙi daga gida mamaki idan suka zo Amurka karon farko. Maganar salla kuwa ta daɗe tana damuna a farkon wannan rayuwa, domin ban san ko ni matafiyi ne ko mazauni ba, tunda gidana yana tafiya tare da ni. Na kira wani malamina a Kano na shimfiɗa masa matsalar, ya yi dariya ya ce ai malaman Malikiyya sun riga ni, domin sun yi magana a kan matuƙin jirgin ruwa da yake tafe da iyalinsa a cikin jirgin, suka ce yana ƙasaru. Ya tuna mini kuma cewa niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ita take yanke hukuncin tafiya. Ni ba malami ba ne, abin da aka faɗa mini nake bi. Mun kama gurbin nan dare uku, za mu tashi Alhamis kafin sha biyun rana, saboda haka azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu muka yi, ko da yake a ranar babu wanda ya yi nisan da ya wuce jifa daga ƙofar ɗaki.

Da hantsi ya ɗaga na ɗauko akwatin kayan aiki. Wanda bai zauna a irin wannan mota ba yana zaton ranar hutu ranar kwanciya ce, alhali rabinta aiki ne, kuma dalilin a bayyane yake. Gida ne na katako da roba da siririn ƙarfe da ake gudu da shi mil 60 a awa a kan ramuka, saboda haka kowace ranar tafiya kamar girgizar ƙasa ce ta awa biyar ko shida a gare shi. Noti yana kwancewa, ƙofar kabad tana karkacewa, mahaɗar famfo tana fara ɗiga. Na bi ɗakin daga gaba zuwa baya da sukudireba, na sami kusoshi bakwai da suka saki, har da na makullin durowar da ta zubar da manja, wanda ya nuna cewa tun farko laifin ba na kowa ba ne. Na nuna wa Hajiya ba tare da na ce komai ba, ita ma ta duba ta ci gaba da abin da take yi, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Daga nan na sake duba daidaiton motar, domin jiya cikin fushi na yi shi da gaggawa. Wannan ba don jin daɗin barci kaɗai ake yi ba. Firjin da ke cikin yawancin irin waɗannan motoci ba shi da injin da yake bugawa kamar na gida. Zafi ne, na gas ko na lantarki, yake dafa wani ruwa mai sinadarin amoniya, tururin ya hau sama ya huce, sannan ya gangaro da nauyinsa ta cikin bututu. Idan motar ta tsaya a karkace, ruwan ba ya gangarowa yadda ya kamata, sai ya taru wuri ɗaya, bututun ya yi zafi ya toshe a hankali, kuma toshewar ba ta gyaruwa. A kan hanya babu damuwa saboda jijjiga tana motsa shi, a tsaye ne haɗarin yake. Na ɗora ma'aunin daidaito a cikin firjin, na ga ɗigon iskar ya zame gefe, sai na tuna cewa gyaran yana bukatar a tayar da mota a ɗora taya a kan katako. Na je na nemi izini kamar ɗan makaranta. Ta zo ta duba ma'aunin da kanta, ta ce fiye da rabin ɗigon yana cikin da'ira, kuma littafin firjin ma bai nemi fiye da haka ba. Gaskiyarta ce, makulli ya ci gaba da zama a ƙusarsa.

Tayoyi shida na auna iskarsu tun suna da sanyi, domin awon da aka yi bayan gudu ƙarya yake faɗa. Tayar irin wannan mota ba kasafai take cinyewa ba, tsufa ne yake kashe ta, rana da zama suna tsattsaga gefenta alhali samanta yana nan kamar sabo. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021, kuma na saba karanta su kamar yadda ake duba haƙoran rago a kasuwa. Na hau tsani na leƙa rufi na ga liƙin da aka yi mana yana nan daram. Ruwan sama da ya sami ƙaramar kafa a rufi ya fi kowane haɗari cin irin wannan gida, saboda yana ruɓar da katako a ɓoye, sai ranar da ƙafarka ta nutse ka sani.

Maganar ruwa ita ce ba a cika son yi a gaban baƙi ba, amma ita ce take mulkin zaman. Muna da tanki uku. Na ruwa mai tsabta yana ɗaukar galan 40, wato kimanin lita 150, kwatankwacin jarka shida na 'yan garuwa. Na biyu yana tara ruwan wanka da wanke-wanke, na uku kuma na masai ne. Gurbinmu a Palo Duro yana da famfo da lantarki amma ba shi da ramin zubar da ƙazanta, wanda yake can wani wuri daban da sai an tuƙa motar an je, saboda haka shigar ruwa ba ta da iyaka amma fitarsa tana da iyaka. Gidan musulmi kuwa ya fi na maƙwabtansa cin ruwa, ga alwala sau biyar ta mutum biyu, ga tsarki. Dabararmu ita ce buta da ƙaramin baho, a yi alwala a waje, wanka kuma a je banɗakin sansani. Tankin masai ana barin bakinsa a rufe sai ya kusa cika, domin idan ruwa ya tsiyaye ya bar sauran, abin yana daskarewa ya zama tsibi, kuma wanda ya taɓa fama da wannan ba ya sake yin kuskuren. Ranar zubarwa shi ake fara buɗewa, sannan a bi da na wanka don ya ɗauraye tiyo. Na yi shekara talatin ina aikin ofis ban taɓa tunanin inda ruwan gidana yake zuwa ba, yanzu kuwa na san adadinsa kusan kofi-kofi.

Lantarkin ma lissafi ne. Motarmu tana karɓar amfiya 30, wato wat 3,600 gaba ɗaya, kuma idan na'urar sanyaya ɗaki tana aiki aka kunna tukunyar shayi ta lantarki tare da na'urar ɗumama abinci, sai wuta ta ɗauke. Maƙwabta da yawa suna kokawa da wannan, ni kuwa da na tashi a gidan da ake kashe firji kafin a jona dutsen guga a ƙaramin janareta ban ga wani sabon abu a ciki ba.

Sauran safiyar na yi ta ne da littafin kuɗi. Motar tana cin galan ɗaya a kowace mil 8, in iska ta yi gaba da mu ma ba ta kai haka, wanda ke nufin kwana huɗun nan sun sha fiye da galan 140 na fetur, ban da kuɗin hanya da muka biya a Oklahoma. Kowace ranar tuƙi ta ci sama da dala 100, ranar da muke zaune kuwa, kuɗin gurbi da na shiga duka ba su kai dala 50 ba. Na daɗe da sanin cewa wanda yake son ya daɗe a wannan rayuwa da kuɗin fansho dole ya yi tafiya kaɗan ya yi zama da yawa, amma sani daban, aiki da shi daban. 'Yan'uwa a gida har yanzu ba su gama yarda ba cewa da gangan muka zaɓi haka. Wata yayata ta taɓa kirana a keɓe ta ce in faɗa mata gaskiya idan bashi ne ya cinye gidan, za a haɗa kuɗi a taimaka. Ban ga laifinta ba, domin a wurinmu mutumin da ya haura sittin ya kamata a san ƙofar gidansa, a san inda za a same shi ranar suna da ranar ta'aziyya. Kuma tsoronta yana da tushe, tunda a Amurka akwai mutane da yawa da tsadar haya ta kora cikin motocinsu, muna haɗuwa da su a filayen kantuna, kuma ba na yarda in kira halin da suke ciki yawon buɗe ido. Mu dai muna da adireshi a Livingston ta Teksas, a wurin wata ƙungiyar masu irin wannan zama mai suna Escapees da aka kafa a 1978, ita take karɓar wasiƙunmu ta tura mana duk inda muka ce. Da wannan adireshi muke da lasin tuƙi da rajistar mota, ko da yake abin da muka mallaka a garin bai wuce lambar akwatin wasiƙa ba.

Hajiya kuwa ta yi wanki a bokiti ta shanya a jikin tsanin baya, sannan ta ɗora tukunya. Kwana huɗu muna cin abin da ake iya ci da hannu ɗaya, saboda haka ta ce yau tuwon shinkafa da miyar kuka za a yi, da kuka da daddawar da muka sayo a shagon 'yan Afirka a Houston muke ta tattalinsu, da sauran naman da ke cikin ƙanƙara. Daddawa a ɗaki mai tsawon ƙafa 28 ba ta da inda za ta ɓuya, ko an kunna fankar rufi, don haka a waje ta yi girkin a kan ƙaramin murhun gas. Ba a jima ba maƙwabcinmu ya taso, wani dattijo Bature daga Minnesota wanda yake kan hanyarsa ta zuwa kudancin Teksas inda yake cin sanyi duk shekara. Ya tsaya daga bakin hanya ya yi sallama irin tasu, domin a sansani ba a ratsa gurbin wani, kamar yadda ba a faɗa wa gidan mutum ba tare da an yi masa iso ba. Ya ce matarsa ce ta aiko shi ya tambayi abin da ake dafawa. Hajiya ta zuba masa a kwano, ya zauna ya ci da cokali, ya yi gumi saboda yaji, ya ce zai kai wa matar sauran. Da hira ta yi nisa ya ce jiya ya ji mu muna ajiye mota, kuma kada mu damu, shi da tasa matar shekara goma sha ɗaya suna yi, har yau ba su daidaita a kan dama da hagu ba. Abin da ya cece su shi ne sun koma cewa gefen direba da gefen fasinja. Ya ƙara da cewa a shekarar farko kowa yana gudu kamar za a kwashe ƙasar kafin ya gama ganinta. Na ji kunya in gaya masa cewa tamu ta uku ce.

Bayan azahar babu abin da ya rage, kuma wannan sashen ne ya fi mini wuya. Ƙasan kwarin ya fi samansa zafi, waya ba ta kamawa sosai, na zauna a ƙarƙashin rumfa ina jin hannuna yana neman abin yi. Sau biyu na tashi da niyyar in ɗauki ƙaramar mota in hau sama in kira jikoki, sau biyu na koma na zauna. Wasu talotalon daji suka ratsa ta gabanmu a jere ba su ko dube mu ba. A hankali idona ya fara ganin bangon kwarin da jiya na wuce shi ina kallon kwalta: ja a ƙasa, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 250, da fararen jijiyoyi a jikinsa, sai rawaya da shuɗi-shuɗi a samansa. Sunan wurin daga Sifaniyanci yake, ma'anarsa itace mai tauri, saboda itatuwan da suke tsirowa a ciki.

Na karanta tarihin wurin a takardar da aka ba mu a ƙofa, kuma ya tsaya mini a rai fiye da yadda na zata. Wannan kwari zango ne tun kafin a yi mota. Ƙabilun Comanche da Kiowa da Cheyenne, 'yan asalin ƙasar da suke bin ɓaunar daji da tantunansu, a nan suke fakewa saboda akwai ruwa da itace da ciyawa, kuma iska ba ta kai wa ƙasa. A ranar 28 ga Satumba 1874 sojojin Amurka ƙarƙashin Kanar Ranald Mackenzie suka gangaro musu da sassafe. Mutanen da aka kashe ba su da yawa, domin yawancinsu sun haye duwatsu sun tsira, amma sojojin sun ƙone tantuna da abincin da aka tanada don sanyi, suka kora dawaki fiye da dubu, suka harbe mafi yawansu. Mutumin da gidansa yake tafiya, idan aka raba shi da abin hawa da guzuri a bakin hunturu, ba sai an yaƙe shi ba, kuma haka aka yi, domin a watannin da suka biyo baya suka riƙa miƙa wuya a barikin soja na Fort Sill da ke Oklahoma. Shekara biyu bayan haka wani Bature mai kiwo, Charles Goodnight, ya shigo da shanunsa kwarin. Ina zaune a kujerar roba, da wayar lantarki a jone da katin banki a aljihu, ban ga damar in kwatanta yawona da nasu ba, amma na daina jin cewa mu ne muka ƙirƙiro zama a kan hanya.

Da la'asar ta yi sanyi muka ɗan taka zuwa bakin rafi, Hajiya tana riƙe da madubin hangen nesa. Ita ta fara hango su a can saman wani tsauni, su huɗu, launinsu ɗaya da dutsen, babban cikinsu da ƙaho a lanƙwashe da dogon gashi daga maƙogwaro har ƙafafun gaba. Ragunan dutse ne, kuma ba 'yan ƙasar nan ba ne. Asalinsu duwatsun arewacin Afirka da Sahara, har da duwatsun Azbin a Nijar, an kawo su wannan kwari a ƙarshen shekarun 1950 saboda mafarauta, suka sami wurin ya yi musu daidai suka hayayyafa, har yanzu a Teksas ana kuka da yawansu alhali a ƙasarsu ta asali suna ƙaranci. Hajiya ta daɗe tana kallonsu, sannan ta miƙo mini madubin ta ce, "Alhaji, ga 'yan'uwanka 'yan ci-rani, su ma ba su koma ba." Na yi dariyar da ban yi irinta ba tun Indiyana.

Ƙarfe 10 na dare doka ta hana hayaniya a sansanin, amma tun kafin lokacin wurin ya yi tsit, sai hasken wuta nan da can. Mun ci ɗumamen tuwo a waje, muka buɗe taswira a kan tebur. Na riga na tsara cewa ranar Alhamis za mu yi dogon zango har kusa da San Angelo, sai ta ɗora yatsa a kan Lubbock, wadda ba ta fi mil 100 da kaɗan daga nan ba, ta ce a nan za a kwana, kuma a nemo inda ake sayar da manja. Gobe Laraba, idan Allah ya kai mu, za mu fita tun da sassafe zuwa dutsen nan mai kama da hasumiya da ake zuwa gani, tafiyar kusan mil 6 ce zuwa da dawowa a ƙafa, kuma an gargaɗe mu mu ɗauki ruwa da yawa. Ta yarda a taɓa makullin ƙaramar mota don a kai mu bakin hanyar, na babbar kuwa yana nan a ƙusa sai Alhamis.